Aksul ya zauna daram, amma ba shi ne ya dace ba

An daɗe ana cewa in dai aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyi biyu na mota yana juya su, ya shiga mazauninsa, kusoshi sun ɗauru, to an gama. Masu tsofaffin Hilux da Land Cruiser da yawa sun yi asara a kan wannan magana.

Abin da ido ba ya gani yana cikin tulun aksul ɗin. Akwai babban faifai mai haƙora da ƙaramin da ke juya shi. In babban yana da haƙora 41, ƙaramin 10, farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa aksul, za ta juya sau 4.10 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. In ƙaramin 9 ne, lissafin ya koma 4.56. Daga waje kuwa kamar an tsaga kara.

To a ce ka sa aksul mai 4.10 a gaba, mai 4.56 a baya. Muddin tayoyin baya kaɗai ke ja, lafiya lau. Ranar da ka saka giyar taya huɗu, gaba na son sauri, baya na jan ƙafa. Cikin rairayi tayoyi za su riƙa zamewa su ɓoye matsalar, amma a kan tsandauri ƙarfe ne zai ci ƙarfe, har haƙori ya karye ko akwatin rabon giya ya lalace. Abin takaicin, sau da yawa a daji yake faruwa, nesa da bakanike.

Kafin ka biya kuɗin aksul na gwanjo, sa a buɗe a ƙirga haƙoran a gabanka, a gwada da na ɗaya aksul ɗin da ke jikin motarka. A ƙirga tsagin bakin sandar da ke cikin aksul ɗin mai juya taya ma, domin mai 27 ba ta shiga gurbin mai 30.