Me ake nufi da "sake tsugunar da 'yan gudun hijira"? Misalin Siriyawa a Birtaniya

Tsuguno a Hausa zama ne na wucin gadi, wanda mutum ke yi da niyyar miƙewa. Amma idan aka ce an tsugunar da mutum, ma'anar ta juya: an ba shi wurin zama, an ce nan ne gidanka. Kafafen yaɗa labarai na Hausa sun ɗauki wannan kalma suna amfani da ita a wurare biyu. A Borno, idan aka ce gwamnati ta sake tsugunar da 'yan gudun hijira, yawanci ana nufin mayar da su garuruwansu bayan rufe sansanoni. A harshen Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, abin ya sha bamban. Mutum ya gudu daga ƙasarsa zuwa ƙasa ta biyu, sai a ɗauke shi daga can a kai shi ƙasa ta uku da ta amince ta riƙe shi.

Wannan shi ne bambancinsa da mai neman mafaka. Mai neman mafaka da ƙafarsa yake zuwa, ya tsallaka teku ko iyaka, sannan ya roƙi a bar shi ya zauna. Wanda aka sake tsugunarwa kuwa zaɓo shi ake yi tun yana sansani ko ɗakin haya a Labanon, a tantance shi, a duba lafiyarsa, a saya masa tikitin jirgi.

Shirin da Birtaniya ta yi wa Siriyawa shi ne misalin da ya fi fito da yadda abin ke aiki. An fara shi a watan Janairun 2014 da mutane ƙalilan. Sai a watan Satumban 2015, kwanaki kaɗan bayan hoton gawar yaron nan ɗan Siriya, Alan Kurdi, a bakin tekun Turkiyya ya zagaye duniya, Firaminista David Cameron ya yi alƙawarin karɓar mutum 20,000 zuwa shekarar 2020. Daga ƙasashe biyar aka riƙa ɗebo su: Jodan, Labanon, Turkiyya, Iraƙi da Masar. Kuma ba kowa ba, sai waɗanda aka ga sun fi rauni: waɗanda aka azabtar, marasa lafiya da nakasassu, mata da yara da ke cikin haɗari, da masu dangi a Birtaniya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, gwamnatin tsakiya a Landan ita ta yi alƙawarin, amma ba ita ke da gidajen ba. Ƙananan hukumomi ne ke ɗaukar nauyin, kuma shiga shirin ganin dama ne, ba dole ba. Ba a sa ranar tashin jirgin iyali sai wata ƙaramar hukuma ta ce tana da gida da zai ishe su.

Ranar da suka sauka, ma'aikacin ƙaramar hukumar da tafinta suna jiran su a filin jirgi. Suna isa gidan za su tarar da gadaje da barguna da tukwane da ɗan abinci. Daga nan sai aikin da ba ya shiga labarai: yi musu rajista a wurin likita, nemo wa yara makaranta, buɗe asusun banki, koya wa uba yadda ake hawa bas da yadda ake biyan kuɗin wuta, shigar da manya ajin koyon Turanci. A wancan shiri an riƙa ba ƙaramar hukuma fam 8,520 kan kowane mutum a shekarar farko, kuɗin da aka ciro daga kasafin tallafin ƙasashen waje. Daga nan yana raguwa, fam 5,000 a shekara ta biyu har ya sauka zuwa fam 1,000 a ta biyar. Lissafin a bayyane yake: kafin shekara biyar su cika, a ce iyali sun tsaya da ƙafarsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne gidan. 'Yan ƙasa da kansu suna shafe shekaru a layin jiran gidajen gwamnati, don haka hukumomi da dama suka koma neman gidajen haya wurin masu zaman kansu, gudun kada a ce baƙo ya tsallake ɗan gida. A Landan haya ta fi ƙarfin tallafin da gwamnati ke biya, shi ya sa iyalai da yawa suka samu kansu a Sikotland da Ireland ta Arewa da arewacin Ingila. A ƙarshen 2015 an kai wasu iyalai tsibirin Bute da ke Sikotland, wurin da sai an hau jirgin ruwa ake isa, inda jama'a ke raguwa kuma gidaje ke zaune babu kowa. Ka yi tunanin mutumin birni da ya saba da kasuwa da kiran salla ya wayi gari can cikin sanyin Disamba. Wasu ba su jure ba sun koma manyan birane, wasu kuma sun zauna har suka buɗe shagunan aski da na kayan zaƙi.

Annobar korona ta dakatar da jiragen a watan Maris na 2020, saura ƙiris a cika adadin. An ƙarasa a farkon 2021 da mutum 20,319. A ganina adadin ba wani abin tinƙaho ba ne, idan aka tuna Turkiyya ita kaɗai ta ɗauki Siriyawa sama da miliyan uku. Daga baya Birtaniya ta maye gurbin shirin da wani wanda ya haɗa da 'yan wasu ƙasashe, kuma shi ma a kan ƙananan hukumomi da gidajen da suka samo ya dogara.