Ladi Kwali

Hadiza Ladi Kwali maginiyar tukwane ce 'yar ƙabilar Gbagyi, wadda Hausawa ke kira Gwari. An haife ta wajen shekarar 1925 a garin Kwali, wanda yanzu yake cikin Babban Birnin Tarayya, ta kuma rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Ita ce matar da ke bayan takardar naira 20.

A ƙasar Gwari ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma tun tana ƙarama ta koye ta a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Ba a juya tukunyar, maginiyar ce ke kewaye ta, tana jan yumɓun sama da hannu, tana ɗora wani da ta murza kamar igiya, tana shafewa, har cikin randar ya fito. Kafin ta bushe sai a yi mata ado: a mirgina murɗaɗɗen zare ko ɗan icce mai tsaga a jikinta, a zana kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi ko tsuntsu. Daga nan a gasa ta a fili da itace da ciyawa.

Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau yana cikin masu tara tukwanenta, kuma a gidansa Baturen Ingila Michael Cardew, maginin tukwane, ya fara ganin aikinta a 1950. Abujar da ake nufi a nan ita ce Suleja ta yau, tun kafin sabon birnin tarayya ya karɓi sunan. A can Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane, Ladi ta shiga a 1954, mace ta farko a cikinta.

A cibiyar ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, tana yin kwanuka da farantai da kofuna. Amma ba ta saki randa ba, kuma a nan gwanintarta take. Ta ci gaba da gina ta da hannu yadda ta gada, sai dai da yumɓu mai jure wuta. Takan cike ramin zanen da farin yumɓu, a shafa ruwan ƙyalli a kai, a gasa a tanderu mai zafin gaske, sai zanen kada ko kunama ya fito sarai ta ƙarƙashin ƙyallin. Wannan sauyi ya zo da nasa hasara. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsattsafo; wadda aka yi wa ƙyalli kuwa ta toshe, ga nauyi. Ta tashi daga kayan tsakar gida ta koma kayan kallo.

An baje aikinta a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958, 1959 da 1962, ta kuma zaga Amurka tare da Cardew a 1972 tana gini a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi boko ba. Ta sami lambobin girmamawa na ƙasa, NNOM a 1980 da OON a 1981. An sa wa cibiyar ta Suleja sunanta, haka ma wani titi a unguwar Wuse.