Waiwaye: Kaka Moses, manomiyar da ta kama zane da tsufa

A 1938 wani injiniya mai tara zane-zane, Louis Caldor, ya ratsa garin Hoosick Falls a jihar New York, sai idonsa ya faɗa kan wasu ƙananan zane a tagar wani kantin magani. Ya saye su, ya nemi gidan mai su. Ashe tsohuwa ce 'yar kusan shekara 78, Anna Mary Robertson Moses, wadda ba ta taɓa zama gaban malamin zane ba.

An haife ta a 1860. Tana shekara 12 ta fara aikatau a gidajen manoma, ta shafe shekara 15 tana yi. A 1887 ta auri Thomas Moses, suka tafi Virginia noma, tana kaɗa man shanu tana sayarwa. 'Ya'ya goma ta haifa, biyar suka koma tun suna jarirai. Sun dawo jihar New York, ƙauyen Eagle Bridge, a 1905, mijin ya rasu a 1927.

Ɗinkin ado da zaren ulu take yi, har ciwon gaɓoɓi ya hana yatsunta riƙe allura. 'Yar'uwarta ce ta ce ta gwada fenti. Da farko dala uku zuwa biyar take sayar da zane ɗaya.

Dusar ƙanƙara take zanawa, da keken doki, da manoma suna tafasa ruwan itacen maple don yin sukari, yara na guje-guje a gefe. Ba tarakta, ba turakun wayar tarho, alhali duk suna ƙofar gidanta. Ƙauyen yarintarta take zanawa, wanda ya riga ya shuɗe, kuma a ganina shi Amurkawa suka yi ta saye bayan yaƙin duniya na biyu, har a katunan gaisuwa na kamfanin Hallmark. Masana zane da yawa sun yi mata kallon hadarin kaji, hankalinsu na kan sabon salon da ba ya kwaikwayon siffar komai. Talakawa ba su saurare su ba.

Wani dillalin zane-zane, Otto Kallir, ya shirya mata baje koli a birnin New York a 1940, Shugaban Amurka Truman ya miƙa mata lambar yabo a 1949. Ta rasu a 1961 tana shekara 101, ta bar zane fiye da 1,500. A 2006 an sayar da ɗaya daga cikin na tafasa maple ɗin nan kan dala miliyan 1.2.