Kafofin ayon da ciwon daji

Kafofin ayon furotin ne da ke ratsa fatar ƙwayar halitta, suna buɗewa suna rufewa don barin gishirai masu cajin lantarki, wato ayon, su shiga ko su fita. Manyan gishiran su ne fotasiyam, sodiyam, kalsiyam da kuloraid, kuma da yawa daga cikin kafofin nau'i ɗaya suke bari ya wuce. Rawar da suke takawa a ciwon daji ba kasafai take zuwa daga lalacewar ƙwayoyin gadonsu ba. Abin da aka fi gani shi ne kafa lafiyayya ta bayyana a inda ba muhallinta ba, ko ta yi yawa, ko ta ɓace.

Cajin fata da rabuwar ƙwaya

Cikin ƙwaya fotasiyam ya fi yawa, kimanin milimola 140, waje kuma sodiyam ne ke da rinjaye. Wannan bambanci ke samar da cajin fata: a jijiya mai hutawa yana wajen milibolt -70. Ƙwayoyin kansa (ciwon daji) da yawa ba sa kai haka, cajinsu ya fi kusa da sifili. Tun farkon shekarun 1970 Clarence Cone ya nuna cewa cajin yana sauyawa da matakan rabuwar ƙwaya. Idan kafofin fotasiyam suka buɗe, cajin cikin ƙwaya yakan ƙara sauka ƙasa da sifili, wannan kuma yana jawo kalsiyam ciki, shi kuma kalsiyam ya tada enzayim da ke tura ƙwaya ta kwafi DNA.

Misalin da aka fi nazari shi ne Kv10.1, wani nau'in kafar fotasiyam, wanda a lafiyayyen jiki kusan ƙwaƙwalwa kaɗai ake samunsa. A 1999 Luis Pardo da Walter Stühmer na cibiyar Max Planck a Gottingen ta Jamus sun nuna cewa sanya shi cikin ƙwayoyi yana sa su yi ƙari a jikin ɓeraye. Daga baya an same shi a fiye da kashi 70 cikin 100 na samfuran kansa da aka duba.

Akwai inda gadon ne ke lalacewa. A 2011 an gano sauyi a KCNJ5, ƙwayar gadon wata kafar fotasiyam, cikin ƙarin glandar da ke saman ƙoda. Kafar ta daina barin fotasiyam kaɗai ya wuce, sodiyam ya kwarara ciki, kalsiyam ya biyo, sai ƙwayar ta yi ta hayayyafa tana zubo sinadarin aldosteron, wanda yawansa ke kawo hawan jini. Ƙarin ba mai yaɗuwa ba ne, amma ya nuna tsarin a fili.

Yaɗuwa

Nan ne shaidar ta fi ƙarfi. Ƙwayar kansar ƙwaƙwalwa ta glioma tana kutsawa ta matsattsun wurare ta hanyar rage girmanta: tana fitar da kuloraid ta kafar ClC-3 tare da fotasiyam, ruwa ya bi su, sai ta tsuke. A kansar mama mai yaɗuwa ana samun Nav1.5, kafar sodiyam ta tsokar zuciya, a sigar da aka saba gani a jarirai. Sodiyam da ke shiga yana ƙarfafa NHE1, mai fitar da asid waje. Tsamin da ke kewaye da ƙwayar yana tada enzayim na katefsin, su narkar da zaren da ke riƙe nama, hanya ta buɗe. A kansar prostate, glandar maza da ke ƙasan mafitsara, kafar sodiyam ta Nav1.7 ke yin irin wannan aiki. Akasin haka, kafar TRPM1 raguwa take yi idan kansar fata ta melanoma ta fara yaɗuwa.

Juriya ga magani

Ƙwayar da za ta mutu bisa tsari sai ta fara tsukewa ta zubar da fotasiyam. Idan kafofin da ke wannan aiki suka ragu, ƙwayar takan ƙi mutuwa. Haka kuma wani kaso na maganin kansa mai suna cisplatin yana shiga ƙwaya ta kafar VRAC. Rasa sashenta na LRRC8D yana rage tasirin maganin.

Matsalar magani

Babban cikas shi ne zuciya. Kafar hERG, wadda ke yawa a wasu nau'ukan kansar jini da ta hanji, tana cikin kafofin da ke daidaita bugun zuciya. Toshe ta yana tsawaita tazarar QT, wato lokacin da zuciya ke ɗauka ta buga ta koma daidai, yana iya kawo mummunan rikicewar bugu da mutuwar fuju'a. Astemizole, maganin ƙaiƙayi da ke toshe Kv10.1 da hERG, an janye shi daga kasuwa a 1999 saboda wannan dalili. Shi ya sa masu bincike suka koma neman sigar kafa da kansa kaɗai ke da ita, ko gwada tsofaffin magunguna irin su ranolazine da phenytoin a kan Nav1.5. Klorotoksin, ƙaramin furotin mai amino asid 36 daga dafin kunamar hamadar Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, yana manne wa glioma. An haɗa shi da rini mai haske domin likitan tiyata ya ga iyakar ƙarin lokacin aiki.