Kifina na mutuwa a tankin gilashi, ina matsalar take? Tambayoyi da amsoshi ga masu farawa

Kiwon kifin ado a tankin gilashi ya fara shiga gidaje a nan Gombe, kuma koken kusan iri ɗaya ne, mutum ya kashe kuɗi ya ƙawata falo, sati bai zagayo ba kifi sun fara juyewa ciki sama. Ga tambayoyin da aka fi turo min.

Malam, ranar da na sayo tanki na cika shi da ruwa na zuba kifi goma, ruwan garau, amma kafin sati ya zagayo guda shida sun mutu. Ko marasa lafiya aka sayar min?

Da wuya ɗan uwa, gaggawa ce ta ci su. Kifi ɗakin kwanansa da masansa wuri ɗaya ne, kashinsa da abin da yake fitarwa wajen numfashi da ragowar abinci duk amoniya suke zama a ruwan, ita kuwa guba ce kuma ba a ganinta da ido, ruwa na iya zama garau alhali yana ƙona kifin. A tsohon tanki akwai wasu bakteriya masu amfani da ke zaune a soson filta (na'urar tace ruwan tanki) da jikin tsakuwa, kashi ɗaya na mayar da amoniya ta koma naitirait (ita ma guba ce, tana hana jinin kifi ɗaukar iska), wani kashin ya mayar da naitirait ta koma naitiret, wadda ke da sauƙi kuma canjin ruwa ke rage ta. Sabon tanki babu su. Kafin su hayayyafa su isa aikin sai an yi sati 4 zuwa 6.

To abin yi, ka haɗa tanki, ka kunna filta, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan kullum ba tare da kifi a ciki ba, abincin na ruɓewa bakteriyar na samun abin ci. In ka san mai tsohon tanki mai lafiya roƙe shi ya yago maka ɗan soson filtarsa ka sa a taka, wannan na rage jiran sosai. In ka samu kayan gwajin ruwa na ɗigawa ya fi, ba ka zuba kifi sai amoniya da naitirait sun nuna 0. Ko lokacin ma biyu ko uku za ka fara da su, bayan sati biyu ka ƙara. Na san yara za su dame ka da "Baba ina kifin", ka ba su haƙuri kawai.

Wane ruwa ya fi, na famfo ko bohol ko rijiya? Wani ma ya ce in yi amfani da fiya wata.

Ruwan famfo da ake tacewa, irin wanda ke zuwa daga Dadin Kowa, ana sa masa kilorin don kashe ƙwayoyin cuta, mu ya yi mana daidai amma kifi da bakteriyar filta illa yake musu. Ka tara a buɗaɗɗen bokiti ya yi awa 24 zuwa 48, in da famfon iska (na'urar da ke hura iska cikin ruwa) a ciki ya fi saurin fita. Amma wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne maganin cire kilorin da masu sayar da kifi ke ajiyewa, don akwai wani nau'in da ake kira kiloramin, shi ko ya kwana nawa ba ya tashi.

Na bohol babu kilorin, sai dai yana fitowa da ƙarancin iska, a bar shi ya sha iska tukuna. Wani bohol ɗin ruwansa na da nauyi, za ka ga yana barin farin tabo a buta, ƙananan kifin ado irin su gofi da moli ba su damu ba, son shi ma suke. Rijiyar da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba wa taki kuwa ni ban yarda da ita ba. Fiya wata asarar kuɗi ce, kuma ba ka san yadda aka tace shi ba. Abin da mutane ke mantawa shi ne jarka, in a wajen 'yan ga-ruwa kake saye ka tabbata ba ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ba, ka ware bokiti guda da ba ya ganin sabulu har abada.

Ni duk Asabar nake kwashe kifin in zubar da ruwan, in wanke tankin da tsakuwar tas da omo, amma sai mutuwa suke. Tsafta kam ina yi.

Hajiya, tsaftar ce ke kashe su. Duk ranar da kika yi wannan wankin kin hallaka bakteriyar nan, tankin ya koma sabo fil, kifin su sake shan amoniya daga farko, ga ragowar omo da ba ya fita duka, ga firgitar kamu da sauyin zafin ruwa lokaci guda. Kifin su zauna a cikin tankinsu. Ki samu siririn tiyo ki zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan sau ɗaya a sati, bakin tiyon ki riƙa cusa shi cikin tsakuwa, za ki ga baƙin datti na tasowa yana bin tiyon zuwa bokiti. Sai ki mayar da ruwan da ya kwana, wanda zafinsa ya yi kusa da na tankin. Soson filta in ya toshe a cikin wannan ruwan da kika zuƙo za ki matse shi sau biyu uku ki mayar, ba a ƙarƙashin famfo ba. Launin ƙasa-ƙasan da ya yi ba ƙazanta ba ce, kar ki nemi ya koma fari.

Ai gara in fara da ɗan ƙaramin kwanon gilashi tunda ni sabo ne ko?

A'a, ƙarami ya fi wuya. Ruwa kaɗan nan da nan yake lalacewa, nan da nan yake zafi ko sanyi. In da hali ka fara daga lita 60 zuwa sama. Golfish ɗin nan da ake sakawa a kwano kifi ne da ke kai santimita 20 ko fi, yana shekara 10 zuwa 15 in ya samu kula, ga shi da kashi da yawa. Ka kula da nauyi kuma, kowace lita kilo ɗaya ce, tankin lita 100 jarka huɗu ke nan ban da gilashi da tsakuwa, teburin katakon garin nan da ke kumbura in ya jiƙe ba zai ɗauka ba. Wurin ya zama a daidai ba karkace, ka shimfiɗa farin kumfan da ke zuwa a kwalin talabijin a ƙarƙashi.

Kullum na zo sai su taso suna buɗe baki, yunwa ce?

Halinsu ne, ko yanzu suka ci haka za su yi. Sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, shi ke nan. Ragowar da ya nutse amoniya zai zama. Mutum ɗaya ya riƙe aikin a gida, a ɓoye gwangwanin daga yara, kar a jefa burodi ko tuwo. Babban kifi mai lafiya na iya kwana uku huɗu bai ci ba lafiya lau, saboda haka in za ka je biki Kumo ko Kaltungo kar ka juye musu na kwanakin gaba ɗaya.

Amma fa in duk sun taru a saman ruwa suna haki ba don sun gan ka ba, wannan ƙarancin iska ne ko guba, canja rabin ruwan nan take.

Yallabai to ya za mu yi da rashin wuta da zafin garin nan?

Nan ne bayanan da kake gani a intanet ba za su wadatar da kai ba, masu yin su wutarsu ba ta ɗaukewa. Yawancin kifin ado na son digiri 24 zuwa 28, golfish ma ya fi son ƙasa da haka, mu kuwa Maris da Afrilu gari na kai 40, kuma ruwa yana ƙara zafi iskar da ke cikinsa na raguwa, daidai lokacin da kifin ya fi buƙatarta. In wuta ta ɗauke a irin wannan rana tankin da aka cika da kifi shi ke fara zubewa. Don haka a wajena kafin fitila mai launi da furen roba, ka sayi famfon iska mai caji ko mai batir. Ba ya cin wuta, wat biyu zuwa biyar ne, ƙaramar sola ma ta riƙe shi. Filtar soso wadda iska ke tafiyar da ita ta fi dacewa da mu, tana cikin ruwan tankin ko wuta ta tafi, saɓanin rufaffiyar filta ta waje wadda in ta daɗe a tsaye ruwan cikinta ya lalace, wuta na dawowa ta tura shi kan kifi.

Babu famfon kuma? Ɗebi ruwan tankin da kofi kana zubawa daga sama lokaci zuwa lokaci, kar ka ba su abinci sai wuta ta dawo. Don sanyaya ruwa ka ɗaga murfi ka sa fanka ta riƙa kaɗa saman, ko ka sa gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe ta yi iyo. Kar ka juye ƙanƙara tsagwaronta.

Hunturu kuma akasin haka, daren Disamba da Janairu ƙaramin tanki na sanyi sosai. Sa ma'aunin zafi, in kana ganin ƙasa da 22 ka nemi hita, kusan wat ɗaya kan kowace lita, in babu ka lulluɓe tankin da bargo da dare. Murfi ma na tare ƙura.

Zan iya haɗa 'yan tarwaɗa ko karfasa da sauran?

Tarwaɗa duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, da dare za ta bi gofi ɗaya bayan ɗaya. Karfasa kuma tonon tsakuwa da faɗa. Haka kifin da ake kira oska, ana sayar da shi ɗan mitsitsi ya zo ya kai santimita 30. Mazan kifin beta biyu ba sa zama tare. Wanda ake ce maka mai share gilashi ne, filako, shi ma ƙato yake zama kuma dattin da yake yi ya fi wanda yake sharewa. Ka tambayi girman da kifi ke kaiwa kafin ka biya.

Jiya lafiya lau, da safe duk sun mutu gaba ɗaya.

An fesa maganin sauro a ɗakin? Yawanci amsar eh ce. Fiya-fiya da na gwangwani da na kunnawa duk mugun guba ne ga kifi, famfon iska kuma zuƙar iskar ɗakin yake yana turawa cikin ruwa. In dole ne a fesa, kashe famfon, rufe tankin ruf da leda, sai ɗaki ya sha iska ka buɗe. Hannu mai man shafawa ko turare ma kar ya shiga ruwan.

Ruwana ya koma kore shar.

Gansakuka ce, haske da abinci sun yi yawa. Ɗauke tankin daga bakin taga, fitila kar ta wuce awa 8.

Na ƙaro sabbin kifi biyu, yanzu duk jikinsu fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, suna goga jiki da dutse.

Cutar farin ɗigo ce, wata ƙwaya ce mai maƙalewa a fata, tana zuwa da sabon kifi kuma ta fi kama wanda sanyi ya buga. Akwai maganinta wajen masu kifi, duk tankin ake yi wa ba mai ɗigon kaɗai ba, kuma ka ci gaba wasu kwanaki bayan ɗigon ya ɓace, don maganin ba ya taɓa ta sai ta saki jikin kifin ta shiga ruwa. In akwai gawayi a filtarka cire shi, yana shanye magani. Gaba in ka sayo kifi, ajiye shi a wani mazubin daban mai iska sati biyu zuwa huɗu kana lura. Ranar sakawa ka bar ledar a ɗaure tana iyo minti 15 zuwa 20 zafin ya daidaita, ka ɗan riƙa ƙara mata ruwan tankinka, sannan ka kamo kifin da raga, ruwan ledar kuma ka zubar a waje.