Tabar Habano naɗin hannu: yadda ake haɗa ta, da inda ɗanɗanonta ke fitowa

Me ya raba Habano da sigarin da ake sayarwa a kwali?

Sigari yankakken ganye ne da inji ke ɗurawa cikin takarda. Habano kuwa ganyen taba ne tsantsa tun daga ciki har waje, babu takarda, babu auduga a gindi, ba a kuma zuba mata turare ko wani abin ƙara zaƙi. Ba a kiran taba da wannan suna sai in a Kyuba aka noma ganyen kuma a can aka naɗe shi, kuma kamfanin Habanos, wanda aka kafa a 1994, shi ke fitar da ita kasuwannin duniya. Ganyen da ya fi daraja yana fitowa ne daga yankin Vuelta Abajo da ke lardin Pinar del Río, a yammacin tsibirin.

Wane irin ganye ake haɗawa a kara ɗaya?

Kashi uku ne: na ciki, da wanda ke ɗaure na cikin, da kuma na waje wanda ido ke gani. Na cikin shi ne tushen ɗanɗano, kuma daga wurare dabam-dabam na jikin shuka ake tsinko shi. Ganyen ƙasa, wanda manoma ke kira volado, ba shi da ƙarfi amma yana cin wuta sosai. Na tsakiya, seco, shi ke ba da ƙamshi. Na sama, ligero, wanda ya fi shan rana, yana da kauri da maiƙo da ƙarfi, kuma da yake ba ya saurin ƙonewa, a tsakiyar kara ake sa shi don sauran ganyen su riƙa jan wutarsa.

Ganyen waje nomansa dabam ne. Ana shimfiɗa yadi marar kauri a kan gonar baki ɗaya domin rage zafin rana, ta haka ganyen ke fitowa da faɗi da laushi da ƙananan jijiyoyi. Shi ne mafi tsada a duk ganyen, kuma tabo ɗaya ko ɗan yagewa ya isa a fitar da shi daga wannan sahu.

In ba a zuba komai, daga ina ƙamshin ke zuwa?

Daga lokaci da haƙuri. Bayan girbi ana rataye ganyen a manyan rumfuna har kusan kwana 50, ya juya daga kore zuwa ruwan ƙasa. Daga nan sai a jibge shi tuli-tuli, danshin jikinsa ya haifar da zafi, ya yi gumi, kamar dai yadda ake rufe kalwa ta nuna kafin ta zama daddawa. Wannan gumi ne ke fitar da ɗaci da warin da ke yaƙushin maƙogwaro, ya kuma rage nikotin. Ma'aikata na lura da zafin tulin, in ya yi yawa su rushe shi su sake jerawa. Bayan haka ake ɗaure ganyen dami-dami a ajiye, kuma ligero kan yi shekara biyu ko fiye kafin a taɓa shi. A ganina, wanda ya sayi taba mai tsada wannan jira ne ya saya, domin gwanintar mai naɗi ba ta gyara ganyen da aka gaggauta.

Yaya ake naɗin?

Mai naɗi, wanda ake kira torcedor, kayan aikinsa kaɗan ne: katakon da yake aiki a kai, da wata wuƙa mai lanƙwasa marar ƙota, da ƙaro marar ɗanɗano. Yana ninke ganyen ciki ta yadda iska za ta sami hanya daga baki zuwa gindi, ya nannaɗe su da ganyen ɗauri, ya sa a cikin katako mai ramuka a matse har su ɗauki siffa, sannan ya miƙe ganyen waje ya naɗa shi a karkace, ya rufe kan da ɗan guntun ganye. In ya cika ganye, mai sha zai yi ta ja hayaƙi bai fito ba. In ya yi sako-sako, tabar za ta ƙone da sauri ta yi zafi da ɗaci. Shi ya sa masana'antu ke gwada zuƙar kowane kara da na'ura kafin a sa masa ganyen waje.

Akwai wata al'ada da ta faro a Habana, babban birnin Kyuba, a 1865, inda wani ke zama a gaban masu naɗi yana karanta musu jarida da littattafai suna aiki. Daga littafin Alexandre Dumas da suke ƙauna aka samo sunan tabar Montecristo, wadda ta fito a 1935.

Me mashayanta ke nufi idan suka ce ɗanɗano yana canzawa?

Sukan raba kara gida uku. Kashin farko yakan zo da sauƙi, da ƙamshin itace ko busasshiyar ciyawa. A tsakiya ɗanɗanon ke cika, har su riƙa ambaton gahawa da koko da fata da barkono, ba don an sa ko ɗaya daga cikinsu ba, sai don hanci ya rasa abin da zai kwatanta da shi. Kashin ƙarshe ya fi ƙarfi da zafi, saboda maiƙo da kwaltar hayaƙin da suka taru a gindi. Girma ma yana da tasiri: ana auna kauri da kashi 64 na inci, don haka samfurin da ake kira Robusto mai lamba 50 da tsawon milimita 124 ta fi siririyar taba sanyin hayaƙi, ita kuwa Churchill mai milimita 178 takan wuce awa guda. Ba a haɗiye hayaƙin zuwa huhu, a baki ake juya shi a fitar, kuma zuƙa ɗaya a minti ta wadatar. Toka mai ƙarfi da wuta mai ci daidai a kewaye su ne shaidar naɗi mai kyau.

Kyuba kaɗai ke yin irin wannan taba?

A'a. Bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Kyuba a 1962, iyalai da yawa masu wannan sana'a sun yi hijira da irinsu da iliminsu, suka kafa masana'antu a Jamhuriyar Dominikan da Honduras da garin Estelí na Nikaraguwa. Yau tabar Nikaraguwa ta yi suna wajen yaji da ƙarfi, kuma masu sha da dama sun fi son ta. Afirka ma tana da hannu: ganyen waje da ake nomawa a gabashin Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya yana cikin waɗanda ake ji da su, yana da ɗan zaƙi da ƙananan ƙuraje a fatarsa, kuma da shi kamfanin Arturo Fuente ke lulluɓe tabarsa ta Hemingway.

Me ya sa ake ajiye ta a akwati na musamman?

Domin ganyen na buƙatar danshi na kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. In ya bushe ya tsage, ƙamshin ya tafi. In zafi da danshi suka yi yawa, ƙwari su ƙyanƙyashe su huda shi.

Tunda ba a haɗiye hayaƙin, ta fi sigari sauƙin illa?

Wannan zato ne da tsada da kyan akwati ke ƙarfafawa, amma ba ya tsayawa a gaban likita. Babbar taba guda tana iya ɗauke da ganyen da ya kai na kwalin sigari cikakke, kuma nikotin ɗin hayaƙinta yana shiga jini ta fatar cikin baki, don haka tana kama mutum ko bai ja zuwa huhu ba. Tana haddasa ciwon dajin baki da harshe da maƙogwaro da maƙoshi, tana kuma cutar da na kusa da mai sha. Fidel Castro kansa, tsohon shugaban Kyuba, wanda saboda shi aka fara yin tabar Cohiba a 1966, ya daina sha a 1985, lokacin da gwamnatinsa ke yaƙi da shan taba a ƙasar.