Cibiyoyin Bincike Masu Zaman Kansu a Ƙasashen Larabawa: Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Tambayoyin nan su ne dai kullum suke dawowa. Wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

Wai me waɗannan cibiyoyi suke yi ne?

Bincike. Su ɗauki wata manufa ta gwamnati, kamar tallafin burodi ko dokar zaɓe, su tara alƙaluma, su ji ta bakin jama'a, su fitar da rahoto. Wasu kuma su zaunar da 'yan siyasar da ba sa ga maciji da juna su yi magana. Shi ke nan.

Ba 'yan adawa ba ne a fakaice?

A'a. Ba sa tsayar da ɗan takara. Sai dai gwamnatin da ba ta son a ƙirga mata marasa aikin yi, duk wanda ya ƙirga ɗan adawa ne a wurinta.

To ana barin su su yi aiki?

Ku karanta labarin Farfesa Saad Eddin Ibrahim, wanda ya kafa Cibiyar Ibn Khaldun a Alƙahira a 1988. An kama shi a 2000, aka yanke masa shekara bakwai a 2001 bisa zargin karɓar kuɗin Tarayyar Turai ba da izini ba da kuma ɓata sunan Masar. Sai a 2003 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. A Disambar 2011 jami'an tsaro suka kai samame ofisoshin wasu ƙungiyoyi a Masar, aka samu mutum 43 da laifi a 2013, aka zo aka wanke su a 2018, bayan aikin ya riga ya watse. Don haka kada ku yi mamakin ganin cibiyar bincike ta Arab Reform Initiative, wadda aka kafa a 2005 ƙarƙashin jagorancin Bassma Kodmani 'yar Siriya, tana da mazauni a Paris.

Yaya zan gane mai zaman kanta ta gaske, tunda kowace da mai ba ta kuɗi?

Yawwa, ga tambaya. Kuma ba ni da amsa guda da za ta raba gardama. Babu cibiyar da ke rayuwa da iska. Cibiyar nazarin siyasa ta Al-Ahram, tun 1968, a ƙarƙashin gidan jaridar gwamnatin Masar take. Wadda Azmi Bishara ke jagoranta a Doha tun 2010 da kuɗin Katar take tafiya. Arab Barometer, wadda ta fara jin ra'ayin jama'a a 2006, tallafinta galibi daga Amurka da Turai yake. In ka ce sai wadda ba ta karɓi sisin kowa ba za ka karanta, to rufe littafin ka kwanta.

Ni abin da nake dubawa, kuma ban ce ba ya kuskurewa ba, shi ne ko sun nuna yadda suka yi aikin: mutum nawa aka tambaya, a ina, da wane irin lafazi. Arab Barometer tana sakin bayananta a intanet kyauta, kowa ya sauke ya sake lissafi. Wannan alama ce mai kyau, amma ba ta isa ba, domin ana iya yin lissafi daidai a kan tambayar da aka zaɓa don ba ta da haɗari. Shi ya sa nake kuma duba abin da ba a tambaya ba. Cibiyar da ta yi shekaru tana fede kowace gwamnati ban da wadda ke ciyar da ita, ku amfana da abin da ta rubuta a kan sauran, ku nemi labarin uban gidanta a wani wuri.

Sannan ko sun taɓa faɗin abin da ya ɓata wa nasu rai? A 2003 Khalil Shikaki, Bafalasɗine mai binciken ra'ayin jama'a, ya fitar da sakamakon da ya nuna kaɗan ne daga cikin Falasɗinawa 'yan gudun hijira za su zaɓi komawa su zauna a ƙarƙashin mulkin Isra'ila in an ba su zaɓi. Fusatattu suka far wa ofishinsa a Ramallah, suka jefe shi da ƙwai. Jifan ba hujja ba ce cewa alƙalumansa daidai ne, amma ya nuna ba don a tafa masa ya yi aikin ba. Duk da haka ku tuna da tsoro: mutumin da baƙo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da takarda yana tambayarsa ra'ayinsa a kan shugaban ƙasa, a garin da bango ke da kunne, ba lallai ya faɗi na cikinsa ba.

Larabawa ma suna son dimokuraɗiyya kuwa?

Haba, ku daina wannan tambayar kamar ana maganar mutum ɗaya. Binciken Arab Barometer ya sha nuna mafi yawan waɗanda aka tambaya suna ganin ta fi sauran tsare-tsare duk da matsalolinta. Na 2021 zuwa 2022 kuma ya nuna masu ganin ba ta iya gyara tattalin arziki suna ƙaruwa. Duka biyun gaskiya ne.

Zaman tattaunawa ya taɓa haifar da ɗa mai ido?

A Tunisiya, bayan kashe 'yan adawa biyu, Chokri Belaid da Mohamed Brahmi, a 2013, ƙungiyar ƙwadago ta UGTT da ta 'yan kasuwa da ta lauyoyi da ta kare haƙƙin ɗan Adam suka shiga tsakani. Aka samu tsarin mulki a Janairun 2014, su kuma suka samu kyautar Nobel a 2015. Amma fa a lokacin UGTT tana iya kiran yajin aiki ƙasa ta tsaya cak, abin da babu mai rubuta rahoton da zai iya. A Yaman wakilai 565 suka yi wata goma suna taron tattaunawar ƙasa, aka tashi a Janairun 2014, zuwa Satumba 'yan tawayen Huthi sun karɓe San'a, babban birnin ƙasar. Ita ma Tunisiyar, shugaban ƙasa Kais Saied ya dakatar da majalisa ranar 25 ga Yulin 2021.

Da wanne zan fara karatu?

Rahoton ci gaban al'ummar Larabawa na 2002, wanda masana Larabawa suka rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya. Giɓi uku ya ambata: 'yanci, ilimi, da damar mata. Ku karanta shi da kanku, ba zan taƙaita muku ba.